Dare Da Hanyar Asibiti A Ƙasar Rawayau

Rawayau gari ne da ke cikin Ƙaramar Hukumar Kurfi ta Jihar Katsina, kuma ƙasarsa tana da faɗin da har aka raba ta mazaɓu biyu daga cikin mazaɓu goma na Kurfi. Mafi yawan mutanen wannan yanki manoma ne da masu kiwo da 'yan kasuwar ƙauye. Idan ciwo ya kama ɗayansu, akan fara da abin da ke gida, daga nan sai ɗakin shan magani mafi kusa. In abin ya fi ƙarfin malamin asibiti, sai a nufi babban asibitin Kurfi ko na Dutsin-Ma. In can ma ya gagara, to sai birnin Katsina, inda tsohuwar Cibiyar Lafiya ta Tarayya ta zama Asibitin Koyarwa a shekarar 2022. Duk wanda ya dubi wannan tsari a takarda zai yaba masa, domin tamkar tsani yake, kowane mataki yana miƙa majiyyaci ga na samansa. Sai dai waɗanda suka tsara shi sun gina shi ne bisa zaton cewa hanya a buɗe take dare da rana, kuma wannan zato ya daɗe da rushewa a wannan yanki na ƙasar Katsina.

Haƙiƙa ba yau aka fara tunanin kai lafiya ƙofar talaka ba. Tun zamanin En'e akwai disfensare a manyan garuruwan hakimai, akwai kuma duba-gari mai leƙa randa da masai. A shekarar 1978 ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata, cikin tsohuwar Tarayyar Sobiyat, suka yi alkawarin lafiya ga kowa ta hanyar kula da ita tun daga matakin farko. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya daga 1985 zuwa 1992, ya ɗora wannan nauyi a wuyan ƙananan hukumomi. A 2001 shugabannin Afirka suka amince a Abuja cewa kowace ƙasa za ta ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinta domin lafiya, alkawarin da Nijeriya mai masaukin baƙi ba ta cika ba. Sa'an nan Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ƙananan asibitoci. Dukkan waɗannan shirye-shirye sun ɗauka cewa abubuwan da ke raba talaka da likita su ne nisa da talauci da rashin sani. Ba wanda ya sa tsoro cikin lissafi.

A shekarar 1994 wasu masana biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka fito da wani bayani da ya zama jagora ga duk mai nazarin mutuwar mata wajen haihuwa. Sun nuna cewa jinkiri iri uku ke kashe mace: jinkirin yanke shawarar a tafi asibiti, jinkirin isa asibitin, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. To, abin lura a nan shi ne, 'yan bindigar da suka yi sansani a dajin Rugu da dazuzzukan da ke maƙwabtaka da shi, suka addabi Safana da Batsari da Ɗanmusa, har ɓarnarsu ta malalo Kurfi da Dutsin-Ma, sun ninka kowane ɗaya daga cikin waɗannan ukun. Maigidan da matarsa ta fara naƙuda da ƙarfe ɗayan dare ba batun kuɗin mota kaɗai yake aunawa ba. Yana auna ko ya fito da ita su faɗa hannun masu garkuwa, a wayi gari ana neman kuɗin fansar mutum uku, ko kuwa ya yi ta addu'a har gari ya waye. Mafi yawa sukan zaɓi jiran asuba, kuma ba mai hankalin da zai zarge su.

Amma jikin ɗan Adam ba ya jiran asuba. Masana aikin ungozoma sun daɗe da ƙiyasta cewa zubar jini mai tsanani bayan haihuwa yana iya kashe mace lafiyayya cikin sa'o'i biyu kacal idan ba a tare shi ba. Jijjigar masu ciki, wadda hawan jini ke kawowa, takan ba da ɗan lokaci fiye da haka, doguwar naƙuda kuwa takan ja kwana biyu ko uku kafin ta yi kisa, ko ta bar mace da yoyon fitsari. Wanda ke son ganin ƙarshen wannan jinkiri da idonsa sai ya ziyarci asibitin Babbar Ruga da ke bayan birnin Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya fara ɗinkin matan da ke yoyon fitsari tun cikin shekarun 1980, har wurin ya zama cibiya ta ƙasa baki ɗaya. Mafi yawan matan da ke kwance a can shaida ne cewa an yi wani dare, a wani ƙauye, da aka kasa fita da su kan lokaci. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa a shiyyar Arewa maso Yamma matan da ke haihuwa a asibiti ba su kai kashi 20 cikin ɗari ba. Wato tun kafin rikici ya kai inda ya kai, mafi yawan haihuwa a ɗaka ake yin ta, a hannun ungozomar gargajiya, asibiti kuwa sai abin ya ɓaci. Ga shi kuma sa'ar da abin ke ɓaci ita ce sa'ar da hanya ta fi haɗari.

Haka abin yake ga yara. Zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kan yaro, ya fara suma da taune-taune, tsakanin magariba da asuba ma ya isa ya yi ɓarna. Damina, lokacin da sauro ya fi yawa, ita ce kuma lokacin da dawa da gero suka yi tsawo har mutum ya ɓuya a cikinsu, hanyoyin ƙauye suka jiƙe, rumbu kuma ya yi ƙasa.

A nan ne ya kamata a waiwayi shekarar 2021, domin darasinta bai tsufa ba. A ƙarshen watan Agusta na wannan shekara Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan wata doka ta daƙile matsalar tsaro. An rufe wasu hanyoyi da kasuwannin dabbobi, an hana sayar da man fetur a jarka, an taƙaita zirga-zirgar babura da dare, an kuma hana mutum uku hawa babur ɗaya. Cikin watan Satumba aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13, har da Kurfi da Dutsin-Ma, aka kuwa shafe watanni a haka. Dalilin hukuma a fili yake, kuma ba na wasa ba ne: da babur ɗan bindiga ke tafiya, su uku-uku, da man jarka yake cika tanki, da waya yake magana da masu tsegunta masa labari da kuma iyalan waɗanda ya kama. Watanni tara kafin wannan, a Disamba 2020, an kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara. Gwamnatin da ta ga wannan ba za ta naɗe hannu ba.

Duk da haka, mai karatu ya tsaya ya yi tunanin yadda ake ɗaukar mai naƙuda daga ƙauyen da mota ba ta shiga. Ɗan acaba ne a gaba, majiyyaciya a tsakiya, wata 'yar'uwarta ko mijinta a baya yana riƙe da ita kada ta zame. Mutum uku ke nan cif, wato daidai abin da doka ta hana. Da wayar salula ake tada ɗan acaban daga barci, da ita ake tambaya ko nas tana nan, da ita ake neman wanda jininsa ya dace. Man da zai kai su kuwa, a ƙauye, a galan da kwalba ake sayen sa. Ashe ke nan kayan aikin ɓarawo su ne kayan aikin mai jinya, kuma wuƙar da aka zaro domin ɗaya sai da ta yanki ɗayan. Ko da an ce jami'in tsaro zai tausaya wa maras lafiya idan ya gan shi, wane ɗan acaba ne zai yarda ya fito cikin duhu, yana tsoron ɗan bindiga a daji, yana kuma tsoron a ɗauke shi a matsayin ɗan bindiga a shingen hanya? An maido da layukan waya daga baya, amma tambayar da wannan lokaci ya tayar tana nan: idan za a sake zama a tsara matakin tsaro, wa zai zauna a teburin da sunan mai ciki da yaro mai zazzaɓi?

Bugu da ƙari, asibitin kansa bai tsira ba. A watan Agusta 2024 'yan bindiga suka kutsa babban asibitin Kurfi, suka harbi mai gadi, suka tafi da matar wani ma'aikacin wurin. A watan Janairu 2025 aka kai irin wannan hari babban asibitin Ƙanƙara, aka harbi likita. Tun a 2022 hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jihar ta bayyana cewa ƙananan asibitoci fiye da sittin sun rufe saboda rashin tsaro. Illar irin wannan hari ta zarce waɗanda harsashi ya sama. Kowace nas da ta ji labarin, kowane sabon likita da aka tura yankin, sai ya fara neman hanyar da za a mayar da shi birni, in kuwa bai samu ba, sai ya riƙa zuwa da hantsi ya koma kafin la'asar. Ba a kyauta ba idan aka kira wannan ragwanci ko rashin kishi. Ma'aikacin lafiya ya yi rantsuwar ceton rai, bai yi ta aikin soja ba, kuma shi ma yana da 'ya'ya. Sakamakon dai shi ne, ko majiyyaci ya yi kasada ya keta daji ya iso, yana iya tarar da ƙofa da kwaɗo.

Babban abin takaici a wannan al'amari shi ne rashin ƙidaya. Idan aka kai hari ƙauye, 'yan sanda sukan faɗi adadin waɗanda aka kashe, gidajen rediyo su ɗauka, manya su zo jaje. Matar da jini ya ƙare mata a ɗakinta da ƙarfe huɗun asuba kuwa, saboda an ji ƙarar bindiga a hanya, ba ta cikin lissafin kowa. 'Yan sanda ba su san da ita ba, tun da ba a harbe ta ba. Asibiti bai san da ita ba, tun da ba ta iso ba. Da hantsi za a yi mata sutura, a ce kwana ya ƙare. Gaskiya ne kwana ya ƙare, kuma Musulmi ba ya jayayya da ƙaddara, amma addinin da ya koyar da yarda da ƙaddara shi ne ya yi umarni da neman magani, shi ne kuma ya ɗora wa shugaba alhakin waɗanda yake kiwo.

Ɗan abin da ake iya gani na wannan ɓoyayyar asara ya fito ne daga bakin baƙi. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, wadda ke kula da yara masu tamowa a Jihar Katsina tun 2021, ta sanar a watan Yuli 2025 cewa cikin watanni shida na farkon shekarar ta duba yara kusan 70,000, ta kwantar da kusan 10,000 daga cikinsu, kuma 652 sun rasu a cibiyoyinta, galibi saboda ba a kawo su da wuri ba. Waɗannan su ne waɗanda suka iso har aka rubuta sunayensu. Tamowa kuwa a ƙasar manoma ba daga sama take faɗowa ba. Manomin da aka hana shi gonarsa ta nesa, ko aka sa masa harajin girbi, ko ya sayar da shanun huɗa da amfanin shekara domin fanso ɗan'uwa, shi ne uban yaron da ƙafafunsa suka kumbura. Ga tsadar abinci da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a 2023, ga kuma janyewar tallafin ƙasashen waje, musamman na Amurka, a 2025.

Ba za a ce hukuma ta yi barci ba. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a watan Oktoba 2023, gwamnatinsa kuma ta rungumi manufar samar da ingantaccen ƙaramin asibiti guda a kowace mazaɓa daga cikin 361 da jihar take da su. A shekarar 2025 ƙananan hukumomi da dama, cikinsu har da Kurfi, suka zauna sulhu da shugabannin 'yan bindiga. Jama'a sun rabu a kan wannan sulhu: wasu na ganin numfashi ne aka samu, wasu na tuna cewa an yi irinsa a 2016 da 2019 bai ɗore ba. Ko wane ɓangare ke da gaskiya, abu guda bai kamata a yi gardama a kansa ba, wato duk zaman da za a yi, na sulhu ne ko na shirin yaƙi, a sa maganar asibiti da ma'aikacinsa da abin hawan maras lafiya a sahun gaba. Su ma mazauna daji matansu na haihuwa, 'ya'yansu na ƙyanda, kuma ƙyanda da maƙarau da kwalara ba su san iyakar daji da gari ba. Ginin asibiti da fenti da allon suna abu ne mai kyau, yana kuma da daɗin buɗewa gaban 'yan jarida, sai dai tambayar da ta dace a yi wa kowane ɗayansu ita ce, wa ke ciki da ƙarfe biyun dare, kuma me ke cikin akwatin maganinsa?

Tun da ba a iya ba da tabbacin hanya, hikima ita ce a matso da abin da ke ceton rai cikin waɗancan sa'o'i biyu zuwa inda mutane suke kwana. Wannan kuwa bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Allurar oksitosin, mai tsuke mahaifa ta tsayar da jini, tana bukatar sanyi, don haka tana bukatar firiji mai aiki da hasken rana. Ƙwayar misofurostol ba ta bukatar sanyi, ana iya ajiye ta a ƙauye. Akwai allurar maganiziyam da ke kwantar da jijjiga, akwai kuma maganin zazzaɓi na matsi da ake sa wa ƙaramin yaro domin ya riƙe shi kafin a kai asibiti. A shekarar 2023 aka wallafa sakamakon wani babban gwaji da aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, Kano, tana cikin jagororinsa. An gano cewa shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai awo, wadda ke nuna yawan jinin da ya zuba, tare da ba da magunguna a lokaci guda maimakon ɗaya bayan ɗaya, ya rage munanan sakamakon zubar jini da kashi 60 cikin ɗari. Ilimin nan a Kano aka taya samar da shi. Abin kunya ne a ce ya isa Geneva bai iso Rawayau ba. Amma magani ba ya ba da kansa. Sai an samu ungozomar asibiti mai kwana a garin, wadda ta fi dacewa ta zama 'yar yankin ce da aka ɗauki nauyin karatunta, aka ba ta gida a tsakiyar jama'a, ba a bayan gari kusa da gonaki ba, aka kuma biya ta alawus ɗin da ya dace da kasadar da take yi.

Akwai kuma dabarun da aka riga aka gwada a wannan jiha aka ga amfaninsu. A ƙarƙashin wani shirin lafiyar mata da yara da ya yi aiki a Katsina da Jigawa da Yobe da Zamfara, an horar da direbobin tasha, 'yan ƙungiyar direbobi ta ƙasa, su riƙa ɗaukar mai naƙuda cikin gaggawa, an kafa asusun ko-ta-kwana a ƙauyuka da ƙungiyoyin masu ba da jini, an kuma jawo hankalin magidanta su ba da izinin tafiya asibiti tun kafin ranar ta zo, kada a zauna jiran miji yana ci-rani a Legas. Abin da zamani ya ƙara bukata shi ne a yi wa irin waɗannan direbobi da 'yan acaba rajista, a ba su shaida, sojoji da 'yan sanda da rundunar tsaron al'umma su san fuskokinsu da lambobinsu, kuma a rubuta cikin kowace dokar hana zirga-zirga cewa ba ta hau kansu ba. Haka nan matar da awon ciki ya nuna tana cikin haɗari, kamar mai hawan jini, ko mai tagwaye, ko yarinya mai cikin fari, ko wadda aka taɓa yi wa tiyata, bai dace ta jira naƙuda a ƙauye ba. Ƙasashe irin su Zambiya da Habasha suna da gidajen jiran haihuwa a gefen asibiti, inda mace ke tarewa idan watanta ya kama. Hausawa ma ba baƙin wannan tunani ba ne, tun da al'adar goyon ciki ta saba mayar da mai cikin fari gidan iyayenta. Sauya mata masauki zuwa ɗakuna kaɗan kusa da babban asibitin Dutsin-Ma ko na Kurfi ba zai zama abin mamaki ga kowa ba, muddin an yarda wata babba daga danginta ta zauna tare da ita.

Saura batun ƙidaya, wanda shi ne mafi arha. Masu unguwanni da dagatai da limamai sun san duk wanda aka haifa da duk wanda aka binne a ƙasarsu, domin ba a suna ko jana'iza ba da saninsu ba. Littafi guda a hannun kowane mai unguwa, a rubuta ranar rasuwa, da shekarun mamaci, da ko mace ce mai ciki ko mai jego, da ko an yi niyyar kai ta asibiti, da abin da ya hana, ya isa ya fito da hoton da babu ofishin da yake da shi. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita suna da ɗaliban da kowace shekara suke neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kansa, kuma da yawansu 'ya'yan waɗannan ƙauyuka ne, sun san hanya, an san iyayensu. Su za su iya tattara waɗannan littattafai duk bayan wata uku, su miƙa wa shugaban sashen lafiya na Kurfi da na Dutsin-Ma, a karanta adadin a zaman kwamitin tsaro na ƙaramar hukuma, nan take bayan an karanta na waɗanda bindiga ta kashe.